Kafet ɗin Amarya: Me Ya Sa Yake Tsufa Tun Ba a Yi Sunan Fari Ba?

Duk uwar da ta taɓa aurar da 'ya ta san yadda ake haɗa kuɗin kayan ɗaki. A zuba adashi, a sayar da akuya, a tattala ribar ƙuli-ƙuli, har a samu na gado da kujeru da kafet. Ranar jere kowa ya shigo sai ya taka ya ce tubarkalla.

Bara na kai wa 'yar yayata ziyara a Ɗan Isa, cikin ƙaramar hukumar Ƙauran Namoda, wata goma bayan bikinta. Kafet ɗin da muka shimfiɗa da hannunmu har ya yi hanya daga bakin ƙofa zuwa gado. Ga wani baƙin tabo mai tauri inda garwashin turare ya faɗa, ga duhun maiƙo inda ake zama cin abinci. Yarinyar ba ƙazama ba ce, sau biyu take shara a rana. Sai da muka juya bayan kafet ɗin muka duba takardarsa na gane inda gizo ke saƙar.

Zaren roba ne, ba gashin tumaki ba

Yawancin kafet ɗin da ake sarowa daga Kano zuwa Gusau da Ƙaura da kasuwar Alhamis ta Shinkafi, daga man fetur aka samo zarensa. Da yawa daga ciki saƙar birnin Gaziantep ne na Turkiyya, cibiyar saƙar kafet da inji. Iri uku za ki fi gamuwa da su.

Na farko shi ne folifurofilin, wanda ake rubuta PP a takardarsa. Wani masani ɗan Italiya, Giulio Natta, na cikin waɗanda suka samar da shi a 1954. Shi ya fi araha. Ba ya shan ruwa, kuma tun yana narke ake zuba masa launi, don haka ba ya zuba. Amma yana da aibi uku: yana jan maiƙo, idan ya kwanta ba ya tashi, kuma yana narkewa a zafin da bai wuce digiri 160 zuwa 170 ba. Dutsen guga da aka saita don atamfa yana kai wajen digiri 200. Wato guga a kan irin wannan kafet, ko da an shimfiɗa zane, ganganci ne.

Na biyu foliyasta, wanda wani lokaci daga tsofaffin robobin ruwan sha ake sarrafa shi. Shi ne mai laushi da sheƙin nan da ke ɗaukar idon 'yan mata. Shi ma abokin maiƙo ne, kuma wurin da ake yawan takawa yakan cukurkuɗe ya dushe.

Na uku nailan, wanda kamfanin DuPont na Amurka ya ƙirƙiro a 1935. Ya fi su tsada da juriya, domin zarensa kan miƙe bayan an taka. Rauninsa shi ne kama launi: zoɓo, lemon kwalba mai kala da lalle suna iya zama a jikinsa, bilic kuma yana cinye masa kala.

Akwai wani sabo, tirayesta, da hukumomin Amurka suka ba shi suna na kansa a 2009. Yana da laushi, ba ya kama launin abin sha, amma maiƙo bai bar shi ba shi ma.

Abin da ya haɗa su da gidajenmu

An ƙera waɗannan kafet ɗin ne da tunanin gida mai injin zuƙe ƙura da wutar da ba ta ɗaukewa. Mu kuwa tsakar gidanmu yashi ne, ga ƙurar hunturu wata uku ko fiye. Tsintsiya saman kawai take sharewa. Yashin yana sauka gindin zare, duk takun da aka yi sai ya goge shi kamar an sa dutsen wanke ƙafa. Zaren da ya karce ba ya sake sheƙi, shi ya sa za ki wanke wurin sau uku ki ga yana nan kamar da datti.

Sai maiƙo. Man ja, man gyaɗa, man shanu, har basilin da muke shafa wa yara a ƙafa lokacin sanyi, duk suna manne wa zaren, ƙura ta zo ta hau kai.

Kuskuren da muka fi yi shi ne yawan sabulu. A zazzaga garin wanki, a dirza da burushi mai tauri, a ɗauraye sama-sama saboda ruwan saye ake yi. Sabulun da ya rage yana danƙo, cikin mako biyu kafet ya fi da baƙi.

Yadda za ki kula da shi

Fitar da shi sau ɗaya a mako, ki rataya a igiya ko katanga, ki bubbuge ta baya. Wannan ya fi wanki goma amfani. Ki ajiye 'yar tabarma a bakin ƙofa, ki riƙa juya kafet ɗin duk bayan 'yan watanni don kada gefe ɗaya ya sha wahala.

Idan mai ya zuba, kwashe da cokali, ki barbaɗa garin sitaci ko na rogo ya tsotse, ki share. Sannan ki ɗiga sabulun wanke-wanke na ruwa kaɗan a kofin ruwa mai ɗumi, ki riƙa dannawa da farin ƙyalle daga gefen tabon zuwa tsakiya. Kada ki dirza. Kalanzir da fetur ki nisance su, suna lalata gam ɗin bayan kafet, ga haɗarin gobara.

Idan fitsarin yaro ne, tsane shi nan take da tsumma, ki bi da ruwa mai tsarki ki tsane, ki maimaita har warin ya tafi. Kada ki zuba bilic a kan fitsari, haɗuwarsu na tayar da iska mai cutar da numfashi. Ki ɗaga wurin ya sha iska, domin ko zaren bai sha ruwa ba, ruwan yana gangarawa ƙasa ya kwanta. Da damina nan ne fumfuna ke fara tsirowa, kuma mai rarrafe ne ya fi kowa kusa da ita.

Babban wanki ya isa sau biyu a shekara, bayan hunturu da kafin babbar salla. Sabulu kaɗan, ɗauraya da yawa. Ki shanya shi a kife ko a inuwa mai iska, don zafin rana yana sa folifurofilin ya yi rauni ya riƙa marmashewa. Kaskon turare kuwa a kan faranti ko tayil, nesa da gefensa. Ƙunar roba ba ta da magani, sai dai a datse wurin da almakashi.

Kafin ki biya kuɗi

Yadda hanyoyinmu suke a 'yan shekarun nan, ba kowa ke iya komawa kasuwa canjin kaya ba, don haka ki duba tun a shago. Lanƙwasa gefen kafet ɗin: idan kin hango gindin saƙar cikin sauƙi, zaren bai cika ba. Danna babban yatsa ki ɗaga, ki ga ko zai tashi. Gajeren gashi mai cika ya fi dogo mai laushi ƙarko. Launi mai zane-zane, kalar ƙasa ko ruwan toka, ya fi fari tas ko baƙi wuluk rufin asiri.

Sannan ki yi wa kanki wannan tambayar: dole ne ya cika ɗaki bango zuwa bango? Leda a ƙasa da madaidaicin kafet a tsakiya, wanda mace ɗaya za ta iya naɗewa ta fitar, ya fi sauƙin tsafta. Abin da muka yi wa 'yar yayata ke nan. Muka yanke ɓangaren da ya rage da kyau, mai ɗinki ya kalmashe bakinsa, abinci kuma ya koma kan tabarmar kaba irin ta kakanninmu. Ranar sunan ɗanta, babu wadda ta gane tsohon kafet ɗin ne.