Bayahude da Ɗan Zango: Zumuncin Al'ummar da ta Warwatsu da Ma'anar 'Yancin Ƙasa

Kalmar Bayahude ta riga Bayahuden kansa isowa ƙasar Hausa. Ta shigo ne tare da Musulunci, ta hanyar Alƙur'ani da tafsiri da ƙissoshin annabawa, inda almajiri yake haɗuwa da Bani Isra'ila da Attaura tun bai san a wace kusurwa ta duniya suke ba. Ko sunan ranar Asabar ma, wanda Hausa ta aro daga Larabci, tushensa ɗaya da sunan da Yahudawa suke kiran ranar hutunsu da shi a Ibrananci. A yau kuwa kalmar tana ɗauke da ma'anoni uku da suka cakuɗe: mutanen da littafi ya ambata, da mabiya wani addini da suka yi zaman baƙunci a ƙasashe da yawa, da kuma 'yan wata ƙasa da aka kafa a 1948. Manufar wannan maƙala ita ce a duba ma'ana ta biyu, wadda aka fi mantawa da ita, a ga inda ta taɓa Kano, sa'an nan a auna abin da 'yancin ƙasa ya yi mata. Dalilin dubawar kuwa shi ne, Bahaushe ma yana da tasa al'ummar da ta warwatsu, watau mutanen zango, kuma sau da yawa labarin ɗayan yakan haska na ɗayan.

Daga Tuwat zuwa Kano

Mafarin labarin yana Tuwat, wani gungun garuruwan dabino a tsakiyar Hamada, cikin Aljeriya ta yau, inda ayarin arewa yake ya da zango kafin ya gangaro Tambutu ko Ahir. A 1447 wani ɗan kasuwar Italiya, Antonio Malfante, ya rubuto wasiƙa daga can, ya ambaci yawan Yahudawan wurin da yadda suke zaune lafiya ƙarƙashin kariyar manyan gari. Wajen 1492, shekarar da aka kori Yahudawa daga Sifen, zaman nan ya watse. Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarim al-Maghili, mutumin Tilimsan, ya yi fatawar cewa Yahudawan Tuwat sun warware alkawarin zimma saboda kusancinsu da masu mulki, kuma bai halatta ɗakin ibadarsu na Tamantit ya ci gaba da tsayuwa ba. Alƙalin Tuwat, Abdullahi al-Asnuni, ya saɓa masa. Aka aika wa malaman Magrib da tambaya, su ma suka rabu, amma al-Tanasi da al-Sanusi suka goyi bayan Maghili. Aka rushe ɗakin, aka kashe wasu, sauran suka watse. Bayan haka ne Shehun ya yi tafiyarsa ta kudu, ya sauka Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), ya rubuta masa nasiha a kan sha'anin mulki, ya bar zuriyar da Sharifan Kano suke danganta kansu da ita.

Abin lura a cikin wannan jayayya shi ne harshen da aka yi ta da shi. Babu wanda ya tambayi wace ƙasa ce ta Bayahuden Tuwat, domin tambayar ba ta da ma'ana a lokacin. Abin da aka yi gardama a kai shi ne amana: me ke kan baƙon addini, me kuma ke kan wanda ya ba shi masauki. Mai goyon baya da mai adawa duka a wannan filin suka tsaya.

Haɗuwa ta biyu ta ciniki ce. A ƙarni na 19 Larabawan Gadamas ne suke ratso Hamada da haja zuwa Kano, suna sauka a unguwanni irin su Dandalin Turawa (a tsohuwar Hausar Kano, Larabawan arewa ake kira Turawa kafin sunan ya koma kan Nasara). Amma wani kaso na jarin da suke juyawa daga gidajen cinikin Yahudawan Tarabulus yake fitowa, kuma su ne suke karɓar gashin jimina da fatu su tura wa 'yan'uwansu a Italiya da Faransa da Ingila. Italiya ta mamaye Tarabulus a 1911, shekarar da layin dogo ya iso Kano, kasuwar gashin jimina kuma ta faɗi a 1914, sai hanyar Hamada ta mutu. Duk da haka alaƙar ba ta yanke nan take ba. Saul Raccah, Bayahuden Tarabulus da ya zauna a Kano, ya shahara a cinikin gyaɗa, har a ƙarshen shekarun 1930 ya ja da ƙawancen manyan kamfanonin Turawa da suka haɗa baki a kan farashi.

Me ke riƙe al'ummar da ba ta da sarki?

Tun bayan da Rumawa suka rushe ɗakin ibadar Ƙudus a shekara ta 70 miladiyya, Yahudawa suka yi kusan shekara 1,900 galibinsu ba su da mulki nasu. Abin da ya riƙe su ba ƙasa ba ce, tsari ne da ake iya ɗauka a tafi da shi. Addu'ar jam'i ba ta tsayuwa sai da maza 10, saboda haka duk inda ɗaya ya sauka sai ya nemi ya jawo 'yan'uwa, kamar yadda Mordechai Abi Serour na Maroko ya yi a Tambutu bayan isarsa wajen 1860. Kowace jama'a tana da kotun malamanta mai yanke shari'ar aure da gado da bashi, da asusun taimakon matalauta, da wajibcin fanso ɗan'uwa idan an kama shi, ko da ba a taɓa ganinsa ba. Ibrananci shi ne harshen ibada da karatu, harshen gida kuwa na maƙwabta ne aka lanƙwasa: Larabci a Bagadaza da Tarabulus, Ladino a cikin zuriyar korarrun Sifen, Yidish a gabashin Turai. Tarin tsofaffin takardun da aka samu a wani ɗakin ibada a Alƙahira, waɗanda S. D. Goitein ya shafe rayuwarsa yana nazari, sun nuna fatake suna aika wa juna kaya da bashi daga Tunis har Indiya bisa amincewa da tsoron zubewar suna.

Duk wanda ya san fataucin Gwanja zai ji kamar labarin gida ake ba shi. Ba kuwa mamaki, domin masanin da ya fara aron kalmar Girkanci mai ma'anar warwatsuwa, wadda a da kusan Yahudawa kaɗai ake nufi da ita, ya ɗora ta a kan fataken Hausa, shi kansa Bayahude ne haifaffen Bagadaza. Abner Cohen (1921 zuwa 2001) ya yi bincike a unguwar Sabo ta Badun a 1962 da 1963, ya fitar da littafinsa a 1969. Ya nuna cewa cinikin shanu da goro tsakanin Arewa da Kudu ya dogara ne a kan maigida, wanda yake saukar da baƙo, ya ajiye masa kuɗi, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa idan an ba da shanu bashi ba tare da takarda ba. Bashin yana biyuwa ne domin kowa ya san kowa, kuma akwai Sarkin Hausawa da liman da za a kai wa ƙara. Watau Hausanci a Sabo ba ado ba ne, jari ne.

Amma kada kamannin ya rufe bambancin. Ɗan zango yana da gida a bayansa: Kano da Katsina da Zazzau suna nan da ganuwarsu da sarakunansu, ya fita ne neman arziki, ba korarsa aka yi ba. Sa'an nan zango ƙofarsa a buɗe take, Banufe ko Bazabarme ko Babarbare yakan zama Bahaushe a Kumasi idan harshe da addini da sutura suka kama shi. Yahudanci kuwa a bisa shari'arsu ta uwa ake gadonsa, shigarsa daga waje da wuya.

'Yanci da tambayar da ya zo da ita

A ƙarshen ƙarni na 19, lokacin da kishin ƙasa ya cika Turai, Yahudawa suka rabu a kan mafita. Theodor Herzl ya kira taron Basel a 1897 don neman ƙasa a Falasɗinu. A wannan shekarar kuma aka kafa ƙungiyar Bund ta ma'aikata a Vilna, wadda ta ce gida shi ne inda mutum yake, a nan za a nemi haƙƙi, da Yidish. Malamai masu riƙo da al'ada da yawa suka ce komawa sai da izinin Ubangiji, ba da siyasa ba. Kisan Yahudawa kimanin miliyan 6 a hannun 'yan Nazi shi ya karkatar da rinjaye, domin ya nuna cewa zumunci komai ƙarfinsa ba ya tsare rai idan hukuma ce ta ɗaga wuƙa. Aka yi shelar kafa Isra'ila ranar 14 ga Mayu 1948. A yaƙin da ya kewaye shelar, Falasɗinawa sama da 700,000 suka rasa gidajensu, ranar da wani yake kira 'yanci wani yake kiranta masifa, kuma aka haifi sabuwar al'umma warwatsattsiya wadda har yau take neman tata ƙasar.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne yadda 'yancin ya cinye tsofaffin jama'o'in Yahudawan da suke zaune cikin Musulmi. Da ma a 1945 an kashe Yahudawa fiye da 100 a tarzomar Tarabulus. Tsakanin 1949 da 1951 kimanin 30,000 suka bar Libiya, ana gab da samun 'yancinta a Disamba 1951, ragowar kuma suka fita bayan yaƙin 1967. A Iraƙi dokar 1950 ta yarda Bayahude ya tafi in ya ajiye takardar zama ɗan ƙasa, sai kimanin 120,000 suka fice daga ƙasar da kakanninsu suka zauna fiye da shekara 2,000. Na Aljeriya kuwa, da 'yanci ya zo a 1962, galibinsu Faransa suka nufa, ba Isra'ila ba. Kishin ƙasa biyu ne suka matse su a tsakiya, kowanne yana neman mutum ya zama abu guda.

Waɗanda suka zauna a waje ma sai da suka sake auna kansu. A 1950 Jacob Blaustein, jagoran wata babbar ƙungiyar Yahudawan Amurka, ya sa Firayim Minista Ben-Gurion ya bayyana a fili cewa biyayyar siyasar Bayahuden Amurka ga Amurka kaɗai take. A cikin gida kuma Dokar Komowa ta 1950 ta tilasta wa hukuma ta amsa tambayar da a da malamai kaɗai suke amsawa: wane ne Bayahude? A 1962 kotun ƙoli ta hana Oswald Rufeisen wannan haƙƙi, ga shi ɗan Yahudawa amma ya zama limamin Katolika. A 1970 aka faɗaɗa dokar har ta haɗa da jikoki. Yau kusan rabin Yahudawan duniya ne suke Isra'ila, sauran mafi yawansu a Amurka, kuma saɓaninsu a kan manufofin ƙasar, musamman game da Falasɗinawa, ba ɓoyayye ba ne.

A nan Nijeriya, ma'ana ta uku ta danne ta biyu tun daga 1960. Gwamnatin Tarayya ta ƙulla hulɗa da Isra'ila ta karɓi rance, Gwamnatin Jihar Arewa ƙarƙashin Sardauna ta nisanta kanta da shi. An yanke hulɗar a Oktoba 1973, aka maido da ita a 1992. Daga nan Bayahuden da Bakano yake ji a rediyo ya zama soja ko ɗan siyasa, aka manta da na shagon gyaɗa.

Zango ma bai tsira ba. Cohen ya lura cewa da guguwar siyasar jam'iyyu ta fara raunana ikon Sarkin Hausawan Sabo, sai jama'ar suka rungumi ɗariƙar Tijjaniyya gaba ɗaya, a 1952 kuma suka ware Juma'arsu daga babban masallacin Badun. Watau matsowar 'yanci ƙara musu Hausanci ta yi, ba rage shi ba. Mafi tsanani shi ne abin da ya faru a Gana ranar 18 ga Nuwamba 1969, sa'ad da gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takarda mako 2 ya fita. Cikin waɗanda suka kwashe kaya har da Hausawan da aka haifa a zangon Kumasi, waɗanda iyayensu suka riga ƙasar Gana kanta zuwa wurin, aka ce su koma wata Nijeriya ko Nijar da ba su taɓa gani ba. A 1983 Nijeriya ta yi wa baƙinta irin wannan kora. Zuriyar waɗanda suka yi hijira gabas bayan yaƙin Burmi na 1903, suka kafa Mai Wurno a bakin Nilu, su ma sun daɗe suna fama da batun takardar zama ɗan ƙasa a Sudan.

Ga mai nazarin harshe, sawun wannan canji yana nan a cikin kalmomi. Zango da masauki da maigida da baƙo duka suna bayyana dangantakar mutum da mutum, babu iyakar ƙasa a cikinsu. Amma da gidajen rediyo suka nemi fassarar waccan kalma ta Girkanci, sai suka ce mazauna ƙasashen waje, lafazin da ya ɗauka cewa kowa yana da ƙasar ciki guda wadda fasfo ya shaida. Makomar harsunan kansu kuwa ta bambanta ƙwarai. Isra'ila ta ɗaukaka Ibrananci, wanda Eliezer Ben-Yehuda (1858 zuwa 1922) da abokan aikinsa suka fito da shi daga littafi zuwa kasuwa, amma ɗaukakarsa ta shaƙe harsunan baƙunci, har Larabcin Yahudawan Tarabulus ya rage a bakin tsofaffi kaɗan a Isra'ila da birnin Rum. Hausar zango kuwa, wadda babu gwamnatin da ta ɗauki nauyinta a Gana, ita ce har yau Badagombe da Bamoshe da Bazabarme suke ciniki da ita a unguwar Nima ta birnin Akra.