Karkarwar Hannun Kawu da Binciken Zaburar da Ƙwaƙwalwa

A hutun ƙaramar Sallah da ya wuce na je gaishe da kawuna a wani ƙauye kusa da Hunkuyi. Manomin rake ne, ya fi shekara 40 yana kai mazarƙwaila kasuwar Makarfi. Na same shi a zaure, hannun damansa na rawa bisa cinya, babban yatsa na murza manuni kamar mai jan carbi. Da aka kira sallah ya yunƙura, sai ƙafafunsa suka kafe a bakin ƙofa kamar an dasa su. Wasu a gidan na cewa tsufa ne, wasu na cewa jifa ne. An yi hayaƙi, an sha jiƙe-jiƙe, har tumaki biyu sun tafi.

Da muka kai shi Zariya, likita ya ce cutar Parkinson ce, wadda wani likitan Ingila, James Parkinson, ya fara bayyanawa a 1817, kuma ita ce ta addabi ɗan dambe Muhammad Ali. Asalinta mutuwar wasu ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ne masu samar da sinadarin dofamin, wanda ke daidaita motsin jiki. Idan ya yi ƙaranci, sai karkarwa da sanƙarewar gaɓoɓi da nauyin tafiya su bayyana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 masu ita sun haura miliyan 8.5.

Maganin levodopa yana maye gurbin wannan sinadari, amma bayan shekaru ƙarfinsa kan riƙa hawa da sauka. A nan ne binciken Farfesa Alim-Louis Benabid na birnin Grenoble a Faransa ya buɗe wata ƙofa. A 1987 ya gano cewa aika lantarki mai saurin bugawa cikin zurfin ƙwaƙwalwa yana tsayar da karkarwa. Yau ana dasa siririyar waya a can, a haɗa ta da ɗan batir ƙarƙashin fatar ƙirji, tana bugawa kimanin sau 130 a daƙiƙa guda. Amurka ta amince da wannan aiki ga masu Parkinson a 2002. Sabon bincike kuwa ya kai ga na'urar da ke sauraren motsin lantarkin ƙwaƙwalwa, ta ƙara ko ta rage ƙarfinta gwargwadon bukatar majinyaci.

Sai dai kada a ruɗe mu. Wannan aiki sauƙi yake kawowa, ba waraka ba. Ya fi tasiri kan karkarwa da sanƙarewa, alhali kafewar ƙafa irin ta kawu da yawan faɗuwa ba kasafai suke jin sa ba. Kuɗinsa kuma ya fi ƙarfin mai noman tumatir a Ikara nesa ba kusa ba.

To, me ke hannunmu? Da farko, a gane cutar da wuri. Ɗaliban Kwalejin Kimiyyar Lafiya ta Shehu Idris da ke Makarfi su ne ma'aikatan asibitocin karkararmu na gobe. A koya musu alamominta, su tura majinyaci Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Na biyu, gwamnati ta wadata asibitoci da levodopa a farashi mai rahusa. Na uku, bincike ya danganta yawan cuɗanya da maganin ciyawa na paraquat da ƙaruwar haɗarin cutar, kuma an haramta shi a Tarayyar Turai tun 2007. Matasanmu kuwa suna feshi a fadamu babu safar hannu, babu takunkumi. Ai rigakafi ya fi magani.

Wata guda da fara shan magani, kawu ya taka zuwa masallacin Juma'a da ƙafarsa, ya kuma riƙe ludayin furarsa da kansa. Kawunnai nawa ne a Ikara da Makarfi da Kudan har yanzu ake yi wa hayaƙi? Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.