Sabar da ke raye amma ta ƙi amsa sallama

Manhajar da ke sa ido kan sabobin wani kamfani takan leƙa kowacce bayan 'yan mintuna, ta tambayi nauyin aikinta da sararin da ya rage mata. Wata safiya sai layin sabar wani reshe ya koma ja. Ma'aikatan reshen kuwa suka ce lafiya lau, fitilu na ci, fanka na kaɗawa, aiki na tafiya.

Injiniya ya fara da ping. Saƙo ya je ya dawo, ke nan waya da intanet sun fita daga zargi. Ya ƙwanƙwasa ƙofa ta 5985, inda WinRM, hanyar da manhajar ke bi ta leƙa sabobin Windows, ke sauraro, ya tarar da ita a buɗe. Sai aka ɗora wa kalmar sirri laifi, ita da kullum ake fara tuhuma ko ba ta ci ba ta sha ba. Aka sauya ta, shiru.

Ya buga wa wani ma'aikacin reshen waya.

"Malam, jiya an ɗauke muku wuta?"

"An ɗauke, yallaɓai. Janareto bai tashi da wuri ba, har UPS ya mutu."

"Duba min agogon sabar."

Kwanan watan da ke kanta na shekarun baya ne.

A nan gizo ke saƙa. Kerberos, tsarin tantancewar da aka ƙirƙira a MIT a shekarun 1980, yana haɗa kowace buƙatar shiga da hatimin lokaci, don kada ɓarawo ya tsinci tsohon saƙo ya sake shiga da shi. Idan tazarar agogo biyu ta wuce minti 5, sai a ƙi karɓa, komai ingancin kalmar sirri.

To me ya mayar da agogon baya? Aka buɗe akwatin sabar. Batirin CR2032, mai faɗin kwabo, wanda ke riƙe lokaci idan wuta ta yanke, ya ƙare.

Saura tambaya guda, domin ai saba takan gyara agogonta da kanta ta hanyar NTP. A dokokin katangar tsaro aka samu amsa: ranar da aka tsaurara su, an toshe ƙofa ta 123, wadda NTP ke bi, ba tare da an lura ba. Muddin wuta na nan, ba mai ganewa.

Aka sa sabon batir, aka buɗe ƙofar, sannan injiniya ya umarci manhajar ta riƙa auna tazarar agogon kowace saba, ta yi ƙara tun tazarar ba ta kai minti 5 ba.