Bahago da Jitar Masu Dama: Kayan Kiɗan Jimi Hendrix

Shekara huɗu kacal Jimi Hendrix ya yi yana tashe, daga 1966 da ya sauka Landan zuwa ranar 18 ga Satumban 1970 da ya rasu a can yana ɗan shekara 27. Duk da haka, har gobe in masana kiɗan rock suka zauna lissafin gwanayen jitar lantarki, sunansa ne ke fara zuwa bakinsu. Wanda ya saurari irin sautin da ke fita daga hannunsa zai ɗauka wata jita ta musamman aka ƙera masa. Alhali akasarin jitocin da ya fi ƙauna na kanti ne, waɗanda duk mai kuɗi a aljihu zai shiga shago ya saya. Abin da ya fi haka ma, ba don irinsa aka yi su ba. Shi bahago ne, su kuwa na masu dama ne.

Daga tsintsiya zuwa lantarki

An haife shi a birnin Seattle da ke arewa maso yammacin Amurka ranar 27 ga Nuwamban 1942, a gidan da babu ta yi wa katutu. Tun yana firamare aka san shi da yawo da tsintsiya mai dogon mariƙi, yana rungume ta yana kwaikwayon masu jita. A 1958 ya sami jita marar lantarki a kan dala 5. Shekara ɗaya bayan nan mahaifinsa, Al Hendrix, ya saya masa farar Supro Ozark, jitar lantarkinsa ta farko. Ba ta daɗe a hannunsa ba: ya bar ta ta kwana a bayan dandamali, aka yi awon gaba da ita. Wadda ta maye gurbinta ja ce, ƙirar Danelectro, wadda ya rubuta sunan budurwarsa a jikinta. Da ya shiga aikin soja a 1961, kewarta ta dame shi har sai da ya rubuta wa mahaifinsa wasiƙa a aiko masa da ita bariki.

Bayan ya bar soja a 1962 ya shiga yawon kiɗa a bayan manyan mawaƙa baƙaƙen fata irin su Little Richard da Isley Brothers. A wannan zamani abin da ya samu shi yake kaɗawa: yau Epiphone Wilshire, gobe Fender Duo-Sonic, jibi Jazzmaster. In aljihu ya bushe sai ya kai jitar jingina, in ya samu ya fanso. Sai a 1966, shekarar da Chas Chandler na ƙungiyar The Animals ya gano shi a New York ya tafi da shi Ingila, Hendrix ya tsaya a kan jitar da duniya ta san shi da ita, wato Fender Stratocaster.

Abin da ke cikin Stratocaster

Jitar lantarki irin wannan katako ne dunƙulalle, ba ta da rami a ciki, shi ya sa in ba a jona ta ba da ƙyar ake jin muryarta. Asirinta yana ƙarƙashin tsirkiyoyi. Akwai wasu 'yan sanduna na maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe zagaye dubbai. In tsirkiyar ƙarfe ta yi rawa a kansu sai ta haifar da 'yar wutar lantarki, waya ta kai ta ga amfilifaya, ita kuma ta ninka ta ta fitar a lasifika. Waɗannan sanduna su ne maɗauka sauti, kuma inda aka dasa su yana canja muryar jita. Wanda ke kusa da wuya yana ba da murya mai kauri da taushi. Wanda ke kusa da jakin da tsirkiyoyi ke hawa yana ba da murya mai kaifi.

Kamfanin Fender na garin Fullerton a jihar Kalifoniya ne ya fitar da Stratocaster a 1954. Mai kamfanin, Leo Fender, asalinsa mai gyaran rediyo ne, bai ma iya kaɗa jita ba, sai dai yana da kunnen sauraron koken makaɗa. Ya sa mata maɗauka sauti uku, ya fafe gangar jikinta don ta kwanta a jikin mai kaɗawa, ya yi mata ƙaho biyu, na sama dogo, na ƙasa gajere don hannu ya isa can ƙarshen wuya. Ya kuma ƙara mata wani ɗan sandan ƙarfe a gindin tsirkiyoyi, wanda in aka danna shi duk tsirkiyoyi shida suke sassautawa, murya ta faɗo ƙasa, in aka saki ta koma. An yi shi ne don a riƙa ɗan kaɗa murya a hankali, a yi wa waƙa ado.

Sakamakon juya ta

Jitocin bahagwai sun yi ƙaranci a shaguna a wancan lokaci. Hendrix sai ya ɗauki ta masu dama ya kifa ta, ya cire tsirkiyoyin ya sake jera su yadda mai kauri za ta kasance a sama kamar yadda aka saba. A ido ƙaramin gyara ne, amma ya taɓa kusan komai.

Leo Fender ya karkata maɗaukin sauti na kusa da jaki da gangan, ɓangaren siraran tsirkiyoyi ya matso jakin don su yi kaifi, ɓangaren masu kauri ya ja baya don su yi nauyi. Da aka kifa jitar sai lissafin ya juye. Masu kaurin suka sami kaifi da tsauri, siraran suka rage tsawa suka yi zaƙi. Maɓallan ƙara murya da ɗan sandan nan, waɗanda wurinsu ƙasa ne, suka dawo sama, dab da hannun da ke kaɗawa. Dogon ƙahon kuma ya koma ƙasa yana tare hanyar zuwa ƙarshen wuya, amma Hendrix mai dogayen yatsu ne, bai hana shi isa ba. Yakan ma zagayo da babban yatsansa ta saman wuyan jitar ya danne tsirkiya mai kauri, sauran yatsun su sami sukunin yin ado, shi ya sa a waƙa irin “Little Wing” mutum zai rantse makaɗa biyu ne. Ban da wannan, yakan sassauta ɗaurin tsirkiyoyi kaɗan ƙasa da yadda aka saba, don su yi sauƙin lanƙwasawa, su kuma dace da muryarsa.

Maɗauka sautin Stratocaster suna da wani hali da injiniyoyi ke ɗauka aibi ne: suna kwaso gunjin lantarki, kuma in aka matsa kusa da lasifika aka ƙure murya sai jita ta fara kuka da kanta, domin sautin lasifikar yana komowa ya girgiza tsirkiya. Akasarin makaɗa gudun wannan kuka suke yi. Hendrix ya jera amfilifayoyin Marshall masu ƙarfin wat 100, ya ƙure su, ya koyi inda zai tsaya da yadda zai karkata jikinsa har kukan ya bi umarninsa. A ƙasa kuma ga 'yan akwatunan da yake takawa da ƙafa: Fuzz Face mai dusashe murya ta yi gurnani, da na kamfanin Vox mai sa jita ta yi kamar tana magana, da Octavia da injiniya Roger Mayer ya ƙera, da Uni-Vibe mai sa sauti ya riƙa juyawa.

Uku da suka yi suna

Ta farko ita ce wadda ya ƙona. Ranar 18 ga Yunin 1967, a bikin kiɗa na Monterey a Kalifoniya, ya hau dandamali bayan ƙungiyar The Who, waɗanda suka farfasa kayansu kafin su sauka. A waƙar ƙarshe, “Wild Thing”, ya ajiye jitar da ya yi wasan da ita, ya ɗauko wata Stratocaster da ya yi wa zanen furanni da hannunsa. Ya kwantar da ita, ya durƙusa, ya tsiyaya mata man laita, ya ƙyasta ashana, sannan ya maka ta da ƙasa ya jefa wa 'yan kallo gutsattsarin. Ba ranar ya fara ba, don ya taɓa yin haka a Landan ranar 31 ga Maris na shekarar, har ya ƙona hannu aka kai shi asibiti. Amma ta Monterey ce aka ɗauka a fim, ita ce ta sa Amurka ta waiwayi ɗanta da sai da ya je Ingila aka san darajarsa.

Ta biyu ita ce farar Stratocaster ƙirar 1968 da ya riƙe a bikin kiɗa na Woodstock da safiyar Litinin, 18 ga Agustan 1969, bayan akasarin jama'a sun watse. Da ita ya kaɗa taken ƙasar Amurka ana tsakiyar yaƙin Vietnam. A tsakanin baitocin taken, ɗan sandan nan da aka yi don ado ya koma fitar da ƙarar jirgin yaƙi yana sulmiyowa, da fashewar bam, da ihun mutane. Wasu sun ji zanga-zanga a ciki, wasu sun ji cin mutuncin ƙasa. Shi kuwa da aka tambaye shi a shirin talabijin na Dick Cavett bayan 'yan makonni, ya nuna bai ga wani abin saɓa al'ada ba, kyau ya gani a ciki.

Ta uku baƙa ce, ita ma ƙirar 1968, wadda ake yi wa laƙabi da Black Beauty. Ita ce ya fi riƙewa a shekarunsa biyu na ƙarshe, kuma tana hannunsa a hotunan da aka ɗauke shi a lambun wani masauki a Landan kwana ɗaya kafin rasuwarsa.

Gefen Gibson

In zai kaɗa blues, kiɗan baƙaƙen fatan kudancin Amurka da ya tashi a cikinsa, sau da yawa yakan ajiye Fender ya ɗauki Gibson Flying V, mai siffar kan kibiya. Ta fara fitowa a 1958, kasuwa ta ƙi ta, sai 'yan tsiraru irin su Albert King, shi ma bahago, suka riƙe ta. Abu biyu suka sa ta dace da Hendrix. Gefenta biyu daidai suke, don haka ko an kifa ta babu ƙahon da zai tare hannu. Sannan maɗauka sautinta tagwaye ne, naɗi biyu da ke kashe gunjin juna, suna ba da murya mai kauri da ke daɗewa kafin ta mutu. Ya mallaki guda uku sanannu: wadda ya yi wa zane mai launuka a 1967, da wata bayanta, da baƙa mai ƙarafa ruwan zinariya da Gibson suka ƙera masa a matsayin bahago. Da wannan ta ƙarshe ya kaɗa “Red House” a bikin tsibirin Wight a ƙarshen Agustan 1970, ƙasa da mako uku kafin ajalinsa. Ya kuma riƙe farar Gibson SG a shirin nan na Cavett.

Inda sautin ya kai

Tasirinsa bai tsaya a Turai da Amurka ba. Bombino, makaɗin Abzinawa na yankin Agadas a Nijar, ya sha faɗin cewa shi da abokansa sun koyi dabaru ta kallon bidiyon Hendrix da na makaɗin jita Mark Knopfler. Ɗan ƙasarsa Mdou Moctar kuwa, wanda ya haɗa jitarsa ta farko da wayar birkin keke, bahago ne mai riƙe farar Stratocaster, shi ya sa jaridun Yamma ba sa gajiya da kwatanta shi da Hendrix, ko da yake tushen kiɗansa na gida ne, daga kiɗan takamba da kuma magabata irin su Abdallah Oumbadougou.

Jitocin da mai su ya riƙa kaiwa jingina yana cinna wa wuta yanzu sun zama dukiya. Mai gangarsa Mitch Mitchell ya kai farar ta Woodstock gwanjo a 1990, aka saye ta fam 198,000. Daga baya ta koma hannun Paul Allen, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Microsoft, kuma tana ajiye a gidan tarihin da ya gina a Seattle. Wadda aka ce ita ce ya ƙona a Landan an sayar da ita fam 280,000 a 2008.

Kamfanin Fender ma ya bi sahu. A 2015 ya fitar da Stratocaster mai ɗauke da sunan Hendrix, ta masu dama, amma an juya kanta an kuma karkata maɗaukin sautinta ta baibai, don mai saye ya sami irin muryar da kifawar ta haifar. Ana iya sayen wannan karkata a kanti. Awannin da ya shafe yana koyon inda zai tsaya gaban lasifika, da shekarun da ya yi a bayan mawaƙa yana sauraro, su ne mai sayen zai nemo da kansa.