Ruwan da Mota Ke Shanyewa Ba Tare da Yoyo Ba

Wata ranar Talata ce a watan Afrilu, na taso daga kasuwar Mafara da buhun shinkafa uku a tsohuwar Golf ɗina, na nufi Bakura. Ban yi nisa ba allurar zafi ta haye ja. Mako biyu ke nan ina ƙara ruwa kowace safiya, alhali ko ɗigo ban taɓa gani a ƙasa ba.

Bakaniken da ya zo ya riƙe mini hannu ina shirin buɗe lagireto. "Alhaji, bari ta huce." Murfin nan yana danne ruwan har zafinsa ya haura digiri 100 bai tafasa ba, ka buɗe, ya feso maka a fuska.

Da ta huce, ya cika ruwa, ya tayar da inji. Sai ga kumfa na tasowa a bakin lagireto ba tsayawa. Ya zaro sandar awon baƙin mai, ya shafa a yatsa: ya koma kalar shayi da madara. Salansa kuma na fitar da farin hayaƙi. "Gasket ya ƙone," in ji shi.

Gasket ɗin wani siririn faranti ne tsakanin kan inji da gangar jikinsa, shi ke raba hanyar wuta da ta ruwa da ta mai. In zafi ya yi yawa, kan inji na alminiyam yakan lanƙwashe, sai wutar silinda ta kutsa cikin ruwa, ruwa ya zurara cikin mai. Can ruwana yake tafiya.

Abin da ya fi damuna shi ne ruwan da muke ɗurawa. Direbobinmu na hanyar Maradun sukan ɗebo daga magudanan Bakolori, madatsar da aka kammala a 1978. Ruwan albarka ne ga shinkafa, amma lakarsa na toshe siraran bututun lagireto, tsatsa kuma ta ci famfon ruwa. Ban da ruwan, ga fankar motar da ta mutu, ga fambel da ya saki.

Bakaniken bai yarda ya sa sabon gasket nan take ba. Sai da aka kai kan injin Gusau aka daidaita fuskarsa, aka wanke lagireto, aka zubar da gurɓataccen man. Ruwan sanyaya inji na kanti muka zuba. Kwana huɗu motar ta yi a gareji.