ƘAFAR JARUMI ITA CE JARINSA: Kayan motsa jiki masu shiga jakar lokeshin

Duk wanda ya kalli fim ɗin Jackie Chan mai suna Rumble in the Bronx, wanda ya fito a 1995, kuma ya yi haƙuri bai tashi ba har sunaye suka fara hawa, to ya ga abin da ya faru. A nan ne ake nuna kurakurai da haɗurran da aka yi lokacin shutin. Gogan naka ya daka tsalle ya dira a kan wani jirgin ruwa, sai idon sawunsa na dama ya karye. Aka kai shi asibiti aka ɗaure ƙafar da siminti. Da yake aiki ba ya jira, sai aka samo safa aka yi mata fenti ta koma kamar takalmin kambas, aka zura a kan ɗaurin, ya ci gaba da fitowa a gaban kamara.

Haka nan Tom Cruise. A watan Agusta na 2017, ana ɗaukar Mission: Impossible - Fallout a birnin Landan, ya yi tsalle daga wani gini zuwa wani, ƙafarsa ta daki bango, idon sawu ya karye. Aikin ya tsaya cak na tsawon makonni. Ma'aikata da kayan aiki da kuɗin furodusa duk suka zauna jiran ƙafa ɗaya ta warke.

To, su waɗannan karaya ce ta masu kasada. Amma akwai ƙanwarta wadda ba ta buƙatar mutum ya yi tsalle daga bene, wato targaɗe. Ita ce ta fi kusa da 'yan fim ɗin Hausa, musamman masu rawa da waƙa.

INA ƘAFA TAKE SHAN WUYA?

Tun daga zamanin su Sangaya, rawa da waƙa ta zama gishirin fim ɗin Hausa. Mai kallo yana ganin minti biyar ne kawai na nishaɗi, amma a lokeshin wuni guda ake yi. Darakta ya ce a sake, a sake, a sake. Kuma ba a kan shimfiɗaɗɗen daɓe ake yi ba. Yau ana kan duwatsun Jos, gobe ana bakin ruwan Tiga, jibi ana cikin lambu mai ramuka da ciyawa ta rufe. Jarumi yana juyi da takalmi sau-ciki mai santsi, jaruma kuma tana taku da takalmi mai tsini. Ga gajiya, ga rana tana shirin faɗuwa, mai kamara yana cewa a yi sauri haske zai tafi.

Ƙafar mutum ɗaya tana da ƙasusuwa 26 da gaɓoɓi 33, ga tsokoki da jijiyoyi fiye da 100 da suke riƙe da su. Mafi yawan targaɗe yana faruwa ne idan tafin ƙafa ya turguɗe ya kalli ciki, nauyin jiki ya faɗa a gefen waje. Sai jijiyoyin da suka ɗaure idon sawu ta waje su miƙe fiye da ƙima, wani lokaci ma su yage.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, ko kumburi ya sace, ciwo ya tafi, ba lallai ne ƙafar ta koma yadda take ba. A cikin gaɓa akwai wasu ƙananan jijiyoyi masu kai wa ƙwaƙwalwa rahoton yadda ƙafa take tsaye, ko da mutum bai kalli ƙasa ba. Su ne ke sa tsoka ta yi wuf ta gyara taku kafin a faɗi. Targaɗe yana dagula wannan rahoto. Shi ya sa za a ji mutum yana cewa, "Ni wannan ƙafar tawa ba ta da wuyar turguɗewa." Ba jifa ba ne, ba kuma baki ba ne. Gaɓar ce take neman a sake yi mata horo.

Wani likitan ƙashi na Ingila mai suna Michael Freeman da abokan aikinsa sun yi bayanin wannan tun a 1965, suka kuma nuna cewa tsayuwa a kan katako mai lilo tana taimakawa. A 2009 kuma mujallar likitoci ta BMJ ta buga wani bincike da aka yi a ƙasar Holan a kan 'yan wasa 522 da suka yi targaɗe. Waɗanda suka yi makonni 8 suna atisayen daidaita tsayuwa a gidajensu, haɗarin sake yin targaɗe ya ragu musu da kashi 35 cikin 100.

WANI DA TIRELA, WANI DA JAKA

Matsalar ɗan fim ita ce ba ya zama wuri ɗaya. Wannan makon Kano, mako mai zuwa Kaduna ko Jos, kwana a otal ko gidan da furodusa ya kama. Ina zai ga lokacin zuwa gidan ɗaga ƙarfe?

Jarumin Amurka Dwayne Johnson, wanda aka fi sani da The Rock, ya yi suna wajen magance wannan matsala da kuɗi. Yana da gidan motsa jiki na tafi-da-gidanka da ya raɗa wa suna Iron Paradise, ƙarafa masu nauyin tan da dama, ana bin sa da su lokeshin a kafa masa. To, linzami ya fi ƙarfin bakin kaza. Amma abin daɗin shi ne, abin da ƙafa da tsoka ke buƙata bai kai haka ba. Kaya huɗu sun isa, kuma duk za su shiga jakar goyo tare da kayan sawa.

Na farko, robar ja. Wata doguwar roba ce mai faɗi, tana miƙewa idan an ja ta. Wadda ta fi shahara ita ce TheraBand, wadda wani kamfani na garin Akron a jihar Ohayo ta Amurka ya fara yi a 1978 domin likitocin gashin ƙashi. Kamfanin ya bambanta ƙarfinta da launi: rawaya mai laushi ce, sai ja, sai kore, sai shuɗi, sai baƙi, har zuwa ruwan azurfa da ruwan gwal masu tauri. Wasu kamfanonin suna da nasu tsarin launi, don haka gara mai saye ya ja ya ji da hannunsa. Sirrin roba shi ne, iya jan da aka yi mata, iya ƙarfin da take mayarwa. Idan ta yi wa mutum sauƙi, sai ya rage tsawonta ko ya ninka ta biyu. Kada kuma samari masu ƙirar ƙarfi su raina ta. Wani nazari da aka buga a 2019, wanda ya tattara sakamakon bincike da dama, ya gano cewa ƙarfin da ake samu da roba ya yi daidai da wanda ake samu da ƙarfe ko inji.

Na biyu, igiyar rataya, wadda aka fi sani da TRX. Wani sojan ruwan Amurka mai suna Randy Hetrick ne ya ƙirƙiro ta a 1997, yana bakin aiki a ƙasar waje, babu wurin motsa jiki. Ya haɗa ɗamarar rigar kokawarsa ta jujitsu da igiyar lemar sauka daga jirgin sama, ya maƙala a ƙofa. Ana rataya ta a bishiya ko ƙofa mai ƙwari, mutum ya kama hannayenta biyu ya jingina baya ya riƙa jawo kansa. Nauyin jikinsa ne ƙarfen da yake ɗagawa.

Na uku, faifan lilo. Katako ne zagayayye mai faɗin kamar santimita 40, an manna masa rabin ƙwallo a ƙasa. Da mutum ya hau sai ya fara tangaɗi, dole idon sawu ya yi ta aiki don a tsaya daidai. Kafinta mai basira zai iya yin sa, muddin ya sa wa saman abin da zai hana santsi. Wanda bai samu ba, filo ko bargo da aka ninke ya isa a fara da shi.

Na huɗu kuwa ko saye ba sai an yi ba: ƙaramin tawul da ƙwallon tanis.

YADDA AKE YI

Kafin komai, a ɗan ɗumama jiki da tafiya ko sassarfa a wuri ɗaya na minti 5.

A zauna a ƙasa a miƙe ƙafa. A ɗaura roba a ƙafar gado ko wani abu mai nauyi, a zagaya ɗaya gefen a gaban tafin ƙafa. Sai a tura tafin zuwa waje, a dawo da shi a hankali. Wannan shi ne mafi muhimmanci, domin yana ƙarfafa tsokokin gefen ƙwauri masu hana ƙafa turguɗewa. Daga nan a juya a tura ciki, a jawo sama, sannan a riƙe robar da hannu a danna ƙasa kamar mai taka totur. Kowanne sau 10 zuwa 15, a maimaita zagaye biyu ko uku.

Sai tsayuwa da ƙafa ɗaya, ba takalmi, na daƙiƙa 30. Idan ta zauna, a gwada da ido a rufe. A nan ne masu cika baki suke gane kurensu! Bayan kwanaki a koma kan filo, daga nan a hau faifan lilo, da ƙafa biyu tukuna, kusa da bango don a samu abin dafawa.

Sai ɗage: a tsaya a bakin matakala, a ɗaga dunduniya sama, a sauke ta sannu a hankali. Shi kuma tawul, a shimfiɗa shi a ƙasa a riƙa tattaro shi da yatsun ƙafa. Ƙwallon tanis ana mirgina shi ne a ƙarƙashin tafin ƙafa bayan an tashi daga aiki, don sassauta gajiya.

Duk wannan bai wuce minti 15 zuwa 20 ba, sau uku a mako. Hukumar Lafiya ta Duniya ma, a ƙa'idojin da ta fitar a 2020, ta shawarci manya su riƙa atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a mako. Ga 'yan mata kuma akwai ƙarin armashi: a cikin ɗaki ake yi, ƙofa a rufe, babu cakuɗa da maza, babu idon 'yan kallo.

HATTARA DAI!

Roba tana da nata haɗarin. A ranar 1 ga Janairu, 2015, wani babban sanatan Amurka mai suna Harry Reid yana motsa jiki da roba a gidansa, ta kuɓuce masa ya faɗi. Ya karya haƙarƙari da ƙasusuwan fuska, kuma ya rasa ganin idonsa na dama. Don haka a riƙa duba roba kafin a ja. In an ga tsaga ko ƙaramin rami, a jefar. Kada a ja ta saitin fuska. A tabbata abin da aka ɗaura ta a jiki ba zai taso ba, ƙofar da aka maƙala igiya kuma ba wanda zai buɗe ta daga waje.

Zafin rana yana cin roba, saboda haka ba a barin ta a bayan mota a watan Afrilu. Man basilin da ake lafta wa jiki lokacin hunturu shi ma yana lalata ta, sai a goge hannu da ƙafa tukuna. Wanda roba ke sa masa ƙaiƙayi ko ƙuraje, akwai irin da ake yi ba da ƙaron roba ba. Masu yanka tsohon tub na tayar keke kuwa, da babu gara ba daɗi, amma su sani tsohon tub ba ya sallama kafin ya tsinke.

Idan kuma ƙaddara ta riga fata, aka yi targaɗe a lokeshin, ba lokacin jarumta ba ne. A zauna, a naɗe ƙanƙara a tsumma a ɗora na minti 15 zuwa 20, a ɗaure da bandeji ba tamau ba, a ɗaga ƙafar sama. Kada kowa ya zo ya kama ja da murzawa kafin a san abin da ke ciki. Likitoci a birnin Otawa na Kanada sun fitar da wata ƙa'ida mai sauƙi a 1992: idan mutum ya kasa yin taku huɗu, ko kuma ya ji zafi a kan ƙashin idon sawu idan an danna, to a yi hoton ƙashi. Na Kano suna da Asibitin Ƙashi na Dala a kusa. Roba da faifai sai ciwo ya lafa, kuma zai fi kyau likitan gashin ƙashi ya nuna yadda za a fara.

SAƘO GA FURODUSOSHI DA MASU SHA'AWA

A sana'ar da sai mutum ya fito gaban kamara ake biyan sa, wata ɗaya a kwance ba ƙaramar asara ba ce. Jarumi ya rasa aiki, furodusa ya rasa kuɗin otal da na hayar kaya, wani fim ɗin ma sai an sauya labari. Alhali kuɗin roba biyu da faifai ɗaya bai kai na ɗinkin da ake yi wa waƙa guda ba. Me zai hana a jefa su cikin motar kayan aiki, a kuma ware minti 10 kafin a fara rawa kowa ya ɗumama ƙafarsa? Me zai hana wani ya zagaya filin ya duba ramuka da tsakuwa kafin darakta ya ba da umarni?

Su kuma samari da 'yan matan da ke kwaikwayon taku a gaban talabijin, suna burin wata rana a ga fuskarsu a fosta, ga gwaji na kyauta tun yau. A cire takalmi, a tsaya kusa da bango, a ɗaga ƙafa ɗaya, a rufe ido, a ƙirga 30. Wanda ya kai, madalla. Wanda ya dafa bango tun a 10, to ya san daga inda zai fara. Sannu ba ta hana zuwa, kuma lafiya uwar jiki ce, babu mai fushi da ita.