Mutanen da suka ƙi mota, amma ba sa makara

Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, saboda waɗanda data ba ta bari sun saurara ba.

Yau Amurka za mu leƙa, amma ba wadda kuke gani a fim ba. Akwai wasu Kiristoci da ake kira Amish, sun haura mutum 350,000, yawancinsu a jihohin Pennsylvania, Ohio da Indiana. Asalinsu Turai ne. A 1693 suka ɓalle daga 'yan'uwansu a yankin Suwizalan ƙarƙashin wani mai suna Jakob Ammann, a ƙarni na 18 kuma suka fara ƙaura zuwa Pennsylvania saboda tsangwamar addini. Har gobe wani karin harshen Jamusanci suke yi a gida. Mafi yawansu ba sa mallakar mota, ba sa jawo wutar lantarki daga layi zuwa gidajensu. Keken doki suke hawa.

To abin da ya ja hankalina shi ne, mutanen nan an san su da sammako da cika alkawarin lokaci. Ta yaya wanda dokinsa ke cinye kusan awa guda a tafiyar kilomita 10 zai riga mai mota isa?

Ku fara da dokin. Mai mota yana iya yaudarar kansa, ya ce bari in ƙara minti goma, na taka wuta a hanya. Mai doki ba shi da wannan damar. Sai ya fito da dabba, ya ɗaura mata kaya, kuma ya san iyakar saurinta. Dole lissafinsa ya fara tun daren jiya. Sai kuma shanu. Gidan da ke kiwon shanun madara sau biyu ake tatsa a rana, ta farko tun da asuba, kuma saniya ba ta san ka kwana da gajiya ba.

Amma ni a ganina babban dalilin shi ne aikinsu a ɗaure yake da na juna. Idan gobara ta cinye wa mutum babban ɗakin dabbobi da ajiyar ciyawa, ana sa rana, maza su taru da guduma da zarto, mata su ɗora tukwane, kafin faɗuwar rana an tayar da ginin katako. Gayya ke nan, irin wadda kakanninmu suka sani. Katakon da sai mutum ashirin za su ɗaga, in biyar suka makara, sha biyar ne za su tsaya suna kallonsa. Ka ga makara a nan ta zama cin haƙƙin maƙwabci. Haka ibadarsu: yawancinsu ba su da ginin coci, a gidajen juna suke taruwa ranar Lahadi, mako ɗaya a yi, mako ɗaya a tsallake, a shafe wajen awa uku. Maza bisa shekaru suke shiga, manya a gaba. Wanda ya makara, kowa ya gan shi.

Kada ku ɗauka bayin agogo ne fa. A Amurka ana tura agogo gaba da awa ɗaya a watan Maris, a dawo da shi a Nuwamba. Wasu daga cikinsu ko taɓa nasu ba sa yi. Suna kiran na gwamnati "lokaci mai sauri", nasu kuwa "mai tafiya a hankali".

Suna da ƙa'idojin zama da suke kira Ordnung, galibi ba a rubuce ba, kuma sun bambanta daga wannan jama'a zuwa waccan. Da su ake auna kowace sabuwar na'ura: za ta haɗa mu, ko za ta raba mu? Shi ya sa za ka ga tarho a wata 'yar bukka a bakin hanya, gidaje da yawa na amfani da shi, amma ba a shigar da shi ɗaki ba. Alfahari babban laifi ne a wurinsu, don haka gwanin kafinta ba ya cika baki, kujerarsa ce ke magana. Tun 1965 doka ta ba masu sana'ar kansu a cikinsu damar fita daga tsarin fanshon gwamnati, su ke riƙe tsofaffinsu.

Inda ba na tare da su shi ne karatu. Yaro na gama aji takwas, wajen shekara 14, sai gona ko shago. A 1972 Kotun Ƙolin Amurka ta ba su gaskiya a shari'ar Wisconsin da Yoder. To yarinyar da take son zama likita fa? In ta fita tun kafin a yi mata baftisma, da sauƙi. In kuwa ta riga ta ɗauki alkawari sannan ta fita, ana iya ƙaurace mata, har cin abinci a teburi ɗaya a daina.

Yanzu ƙasar noma ta yi tsada, yawancinsu sun koma kafinta, gini da ƙananan kasuwanci. A yankin Elkhart na Indiana, da yawa suna aiki a masana'antun ƙera motocin nan masu ɗaki da gado a ciki, motocin da su kansu ba sa tuƙawa. Suna shiga aiki tun duhun asuba, su tashi da rana tsaka. Masu kamfani na son su. Dattawansu kuwa hankalinsu bai kwanta ba, domin uban da ya ɗauki kwanon abincinsa ya fita kafin gari ya waye, ba ya nan lokacin da ɗansa ke koyon riƙe linzami.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.